Wa Zai Riƙe Makunnin Intanet?

A wani shirin rediyo na safe, irin wanda ake buɗe layi jama'a su bugo, wani bawan Allah ya kira daga Rigasa ransa a ɓace. Yana da hujjar yin fushi. Wani tsohon bidiyo aka tono aka yi ta turawa a WhatsApp, wai ga 'yan bindiga nan sun shigo gari, har mata suka bar tukunya a kan wuta suka ruga makaranta ɗauko yara. Sai ya rufe maganarsa da cewa, "Yallaɓai, ni da gwamnati za ta ji ta tawa, ta rufe intanet ɗin nan baki ɗaya kowa ya huta." Masu kira na bayansa suka yi ta cewa wallahi Malam ya faɗi gaskiya.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a Kaduna ake wannan magana, jihar da aka riga aka gwada wannan magani a jikinta a 2021. Ashe mantuwa ba ta da wuya.

Bari in faɗi inda na tsaya tun da wuri. Ina son gwamnati ta sa hannu a harkar intanet, fiye ma da yadda take yi yanzu. Amma ta sa hannun a wuyan kamfanoni: farashin data, ingancin sabis, kai turakun sadarwa ƙauyuka, da hana su fifita wani shafi a kan wani. Abin da ban yarda da shi ba shi ne wani jami'i ya zauna a ofis ya rubuta wasiƙa, gobe a wayi gari miliyoyin mutane babu layi, ko an toshe wani dandali, babu alƙali, babu wa'adin da za a riƙe, babu wanda zai zo daga baya ya yi bayani. Abin takaici, gwamnatocinmu sun fi ƙwarewa a na biyun.

Mun ɗanɗana, ba labari aka ba mu ba

Adalci shi ne a tuna halin da ake ciki a lokacin. A watan Maris na 2021 aka kwashe ɗalibai daga kwalejin gandun daji ta Afaka, nan bayan Mando. A Afrilu aka shiga jami'ar Greenfield, aka kashe wasu daga cikin ɗaliban da aka sace. A Yuli aka tafi da yara sama da 100 daga makarantar Bethel Baptist. A Agusta aka kutsa har cikin NDA, inda ake horar da hafsoshin soja. Duk wanda ke kan kujera a irin wannan shekara, ko me aka ce masa magani ne, zai gwada.

Zamfara ce ta fara. A farkon Satumba Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe turakunsu a duk faɗin jihar bisa buƙatar Gwamna Bello Matawalle, aka ce na mako biyu ne. Mako biyun ya miƙe. Katsina da Sakkwato suka bi sahu a wasu ƙananan hukumomi. A ƙarshen watan gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sanar da nata, tare da sauran matakai irin su hana hawa babur, rufe wasu kasuwannin mako, da hana sayar da fetur a jarka. Layi bai dawo ba sai ƙarshen Nuwamba.

Ƙanwar mahaifiyata tana zaune a wani ƙauye a kan hanyar Birnin Gwari. Tana fama da hawan jini, ɗanta da ke Legas ne yake turo kuɗin magani ta hannun mai POS na bakin kasuwa. Da sabis ya ɗauke, mai POS ya kulle rumfarsa ya koma gona. Direban da ke jigila tsakanin ƙauyen da gari shi ya zama wayar kowa. Aljihun rigarsa cike da 'yan takardu, kowace da lamba a bayanta. In ya iso inda sabis ya kama, sai ya gangara gefen titi, fasinja na ƙorafi, ya riƙa zaro su ɗaya bayan ɗaya yana bugawa: "Salamu alaikum, Alhaji, saƙo ne daga wajen Inna. Ta ce maganin ya ƙare tun Talata. Ta kuma ce don Allah kada ka taso, hanya ba kyau."

A lura da wannan. Domin a isar da saƙon cewa hanya ba kyau, sai da wani ya bi hanyar.

Mutumin ƙauye ba shi da sulke, ba shi da barikin soja a kusa. Babban abin kariyarsa shi ne wayar da ɗan'uwansa na ƙauyen gaba zai bugo ya ce, "Sun wuce ta nan a kan babura, ku kwashe mata da yara." Wannan kiran aka kashe. Shi kuwa ɗan bindiga yana da babur, yana da 'yan aike, ya san tudun da sabis ke kamawa. A garuruwan bakin iyaka an yi ta ba da labarin yadda suke amfani da layukan Nijar, a wasu wuraren kuma wasiƙa suka koma aikawa ta neman kuɗi. A tsakiyar lokacin rufewar, ranar Lahadi 31 ga Oktoba, aka shiga coci a Kakau Daji cikin ƙaramar hukumar Chikun aka tafi da mutum sama da 60. An bar jaki, an yi ta dukan taiki.

Gwamnatocin da suka ɗauki matakin sun ce ya taimaki jami'an tsaro. Ta yiwu an samu wani sauƙi a wasu wurare, ba zan rantse ba a samu ba. Amma wanda ya rufe wa jama'a baki wata biyu, shi ke da nauyin kawo lissafi: ga abin da aka samu, ga abin da aka rasa, ga masu juna biyu nawa suka kasa kiran mota, ga jarin 'yan tireda nawa ya karye. Mu dai abin da muka gani, wata huɗu bayan dawo da layi, ranar 28 ga Maris 2022, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna. A Maris na 2024 kuma aka kwashe yaran makaranta a Kuriga.

"To ai da waya infoma ke aiki"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, kuma gaskiya ce. Da waya ake sanar da 'yan bindiga cewa wane ya sayar da shanu, da waya ake cinikin kuɗin fansa.

Sai dai wayar da ke kunne tana barin sawu. Kamfani ya san turken da ta kama, ya san lambar da ta kira da lokacin da ta kira. Wannan ne dalilin da aka ba mu a Disamba 2020, zamanin minista Isa Ali Pantami, da aka ce kowa ya haɗa layinsa da lambar NIN. Tsofaffi da masu goyo suka yi ta sammako ofisoshin rajista, ana tsakiyar korona. A Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su ba. Jama'a sun yi nasu. To in bayan wannan wahala mai garkuwa yana iya bugo waya kullum har tsawon wata guda yana ciniki, matsalar ba ta turken sadarwa ba ce, ta masu bin sawun ce. Kashe turke yana ɓoye wannan gazawar ne kawai, yana kuma share sawun da ya kamata a bi.

Ba wannan ne karon farko ba ma. A 2013, bayan Shugaba Jonathan ya ayyana dokar ta-ɓaci, an katse layuka a Borno da Yobe da Adamawa. Kowa ya san Boko Haram ba ta ƙare a shekarar ba. A 2014 ne ma ta fi kama garuruwa.

Jita-jita

A nan ba na raina damuwar kowa. Mutumin Kaduna ya san abin da jita-jita ke jawowa, ba sai an karanta masa ba. A Oktoba 2018, bayan rikicin Kasuwan Magani, mun ga yadda magana ta taso daga bakin wannan zuwa wayar wancan har cikin gari ya kama, aka sa dokar hana fita. Hoton gawa daga wata ƙasa, a liƙa masa sunan unguwarku, ya isa ya tayar da gari.

Amma Kafanchan ta 1987 fa? Zangon Kataf ta 1992? Rikicin shari'a na 2000, wanda ya raba garin nan gida biyu, wannan tsallaken kogi da wancan tsallake? Duk an yi su babu GSM ma, balle WhatsApp. Na 2002 kuwa daga shafin jaridar takarda ya taso. Jita-jita ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Abin da intanet ya ƙara mata shi ne gudu. Sai dai ya ƙara wa ƙaryatawa gudu ita ma. Yau in aka ce ana faɗa a Sabon Tasha, kana iya kiran abokinka da ke can ya ɗauko maka bidiyon titi ka ga 'yan Keke na harkarsu. Ranar da babu layi, abin da mai gudu ya faɗa maka shi ne labari, ba ka da inda za ka tantance.

Wanda ya ƙirƙiri ƙarya don a zubar da jini, mutum ne mai suna da lamba. A kamo shi a kai shi gaban alƙali, dokokin tunzura jama'a da ɓata suna suna nan tun kafin a haife mu. Hukuma kuma ta koyi fitowa da gaskiya cikin awa guda, da Hausa, a rediyo da kuma wuraren da ƙaryar ke yawo, maimakon sanarwar Turanci bayan kwana biyu.

Haka batun tarbiyya. Ni ma akwai abin da nake gani a TikTok in kawar da kai. Amma yarinyar da ke sayar da turaren wuta da atamfa ta sitatus daga ɗakin uwarta a Tudun Wada, da yaron da ya koyi gyaran sola a YouTube, da masu sauraron tafsiri ta Facebook, ba su yi laifin da za a haɗa su da mai rawar banza a yi musu hukunci ɗaya ba.

Wa zai ce wannan ƙarya ce?

A 2019 Sanata Mohammed Sani Musa na jihar Neja ya kawo ƙudirin da aka fi sani da dokar soshiyal midiya. A cikinsa akwai ba jami'an tsaro ikon su ce wannan magana ƙarya ce, su sa a toshe ta. Jama'a suka yi ca, ƙudirin ya kwanta. Amma ra'ayin bai mutu ba, duk bayan ɗan lokaci sai ya sake leƙowa da sabon suna.

Mun kuma ga yadda ake amfani da irin wannan iko in an same shi. A farkon Yuni 2021 Twitter ta goge wani saƙo na Shugaba Buhari. Kwana biyu bayan haka ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da Twitter a Najeriya. Aka yi kwana 222 a haka, sai 13 ga Janairu 2022 aka buɗe. Ministan shari'a na lokacin har barazanar gurfanar da masu shiga ta bayan gida ya yi, alhali babu dokar da ta ce shiga Twitter laifi ne. A Yuli 2022 kotun ECOWAS ta yanke cewa dakatarwar ta saɓa doka. Ihu bayan hari, amma dai ya shiga tarihi.

Na san da yawa a nan Arewa ba su damu ba a lokacin. An ce ai Twitter ta 'yan Kudu ce da 'yan boko, kuma Baba aka taɓa. To ga tambaya: waɗanda suka yi tafi a 2021, yau da mulki ya koma wani hannu, za su so a ba mai ci yanzu ikon rufe Facebook a ranar da suka fito suna kukan tsadar rayuwa? Jam'iyyar da ta rufe Twitter, da kafafen nan ta yi yaƙin neman zaɓe a 2015. Duk ikon da ka miƙa wa gwamnatin da kake so, gadonsa wadda ba ka so za ta ci. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 misali ne. An ce don masu cin zarafi aka yi shi, sai ga shi 'yan jarida da masu sukar gwamnoni ne suka fi kwana a ofishin 'yan sanda a kansa, har sai da aka yi masa gyara a 2024.

Su kuma masu cewa gwamnati ta cire hannu gaba ɗaya

Akwai wasu abokaina, yawancinsu matasa masu harkar kwamfuta, da suke cewa tunda haka ne gwamnati ta koma gefe, a bar kasuwa ta yi halinta. Da su ma ban yarda ba. Intanet ba daga sama yake faɗo mana ba, ta hannun kamfanoni yake zuwa, kuma manyansu huɗu ne, ɗaya daga ciki, MTN, yana riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar. Wanda ke tsaye a ƙofa irin wannan yana iya yi maka abin da gwamnati ke yi, a hankali, ba tare da sanarwa ba.

A nan ne ƙa'idar daidaito a intanet ta shigo. In ka je tashar Kawo ka biya kuɗin mota zuwa Zariya, direba ba ruwansa da wanda za ka gani a can, ko Samaru za ka karatu ko Tudun Wada ziyara. Ka ɗauka ya ce masu zuwa shagon surukinsa rabin kuɗi za su biya kuma su ne a gidan gaba, sauran kuwa sai mota ta cika sau biyu. Ƙa'idar tana cewa kamfanin da ka sayi data a wajensa ya kai ka inda ka nufa, kada ya toshe wani shafi na halal, kada ya rage wa wani gudu da gangan, kada ya karɓi kuɗi a bayan fage ya sa wani a gaba.

Wani zai ce wannan rigimar Turawa ce. A'a, tana cikin wayarka. Duba jerin datar da ake tallata maka. Akwai ta WhatsApp da Facebook, akwai ta TikTok, akwai ta YouTube da dare, duk sun fi datar gama-gari araha. Ɗalibi ya sayi mai arahar da 'yan canjinsa, yana iya kwana yana kallon bidiyon barkwanci, amma in ya zo buɗe shafin JAMB ko na makarantarsa, sai a ce masa datarsa ta ƙare. Muna zagin yara cewa ba su san komai a waya ba sai hira, ba mu tambayi wanda ya sa hira ta fi karatu araha ba. Akwai mutane da yawa a garin nan da in ka ce intanet, Facebook suke nufi, iyakarsa ke nan a wurinsu.

Sannan ka ɗauki yaron da ya zauna a Barnawa ko Malali ya haɗa manhajar da za ta nuna wa manomi farashin masara a Saminaka da na citta a Kachia. Mai buɗe manhajarsa zai biya cikakken kuɗi, mai shiga dandalin kamfanin Amurka zai biya ragi. Tun kafin a fara gasar an riga an kayar da shi.

A 2016 Facebook ya shigo Najeriya da shirin Free Basics tare da Airtel: wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta, sauran ka biya. A farkon wannan shekarar ta 2016 hukumar sadarwa ta Indiya ta haramta irin wannan bambancin farashi, duk da cewa su ma suna da talakawa masu ɗimbin yawa. Dalilinsu shi ne kada kamfani ɗaya ya zama mai zaɓa wa talaka abin da zai gani.

Na san amsar: da babu gara ba daɗi. Mai naira ɗari biyu a aljihu ba ya son dogon bayani, yana son ya gaisa da 'yan'uwansa. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma ba na goyon bayan a wayi gari a soke masa ɗan abin da yake iya saye. Amma in kamfani zai iya sayar da megabait ɗin TikTok a wannan farashi bai yi asara ba, me ya sa megabait ɗin shafin makaranta ya fi tsada, alhali turke ɗaya ne, waya ɗaya ce? A yi ragin a kan kowane shafi. In kuwa dole sai an fifita wani abu, a fara da shafukan makarantu da asibitoci da na biyan kuɗi, a fili, bisa sharaɗin da kowa zai iya cikawa.

A 2019 NCC ta fitar da kundin ƙa'idojin intanet, wanda ya yi maganar hana toshewa da rage gudu da fifiko. Madalla. Amma ƙa'idar hukuma, hukuma ce ke iya sauya ta. Amurka ta nuna mana haka: an kafa dokar daidaito a 2015, aka soke ta a 2017 da gwamnati ta sauya, aka dawo da ita a 2024, kotu ta sake rushe ta a Janairu 2025. Tarayyar Turai kuwa a dokar majalisa ta sa nata tun 2015, yana nan har yau. Namu ma can ya kamata ya shiga.

Inda ake neman hannun hukuma

Waɗanda suka riski farkon GSM a 2001 sun tuna lokacin da layi kaɗai ya fi albashin wani, kuma in ka yi maganar daƙiƙa biyar sai a caje ka kuɗin minti guda. An ce mana cajin daƙiƙa ba zai yiwu ba. Da Glo ya shigo a 2003 da shi, cikin ɗan lokaci sai ga shi ya yiwu a wajen kowa. Lasisin da hukuma ta ba sabon ɗan gasa ne ya yi wannan aiki. Irin sa hannun da ke amfanar jama'a ke nan.

Akasin haka ma mun gani. A ƙarshen 2016 NCC ta sa wa data farashin da ba za a sauko ƙasa da shi ba, kobo 90 a kan megabait, wato ta hana araha da kanta. Sai da aka yi mata caa ta janye. A Janairu 2025 ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari, bayan kamfanonin sun nemi ninki. Ba na cewa ba su da uzuri. Dizal suke ƙonawa a turaku dare da rana, darajar naira ta faɗi, masu aikin titi da ɓarayi na yanke musu wayoyin ƙarƙashin ƙasa, MTN ma ya bayyana asarar kusan naira biliyan 400 a 2024. To amma ƙarin kuɗi ya kamata ya zo da sharaɗin da mai saye zai gani a hannunsa. In ka tsaya a Kasuwar Barci tiransifa ta maƙale, kai an cire maka, mai kaya bai ga alat ba, kuna kallon juna kamar ɗayanku ɓarawo ne, wa ke biyan wannan? In sabis ya ɗauke kwana biyu, datarka ta wata ba ta tsaya jiranka, wa'adinta na tafiya. Ga aikin hukuma nan jibge.

Sai babban rufewar da ba a sanarwa. Akwai ƙauyuka a jihar nan da ba a taɓa katse musu layi ba saboda ba su taɓa samu ba. Shirin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin intanet mai sauri ya kai kashi 70 cikin ɗari, aka ƙare ana wajen rabi. Dokar sadarwa ta tanadi asusu na musamman, USPF, don kai sabis inda kamfani ba zai ga riba ba. 'Yan majalisarmu su tambayi turke nawa ya kafa a Birnin Gwari da Kauru da Sanga. A nan dole in yaba wa gwamnatin El-Rufa'i: a 2020 ta yafe kuɗin da jihohi ke karɓa kafin a binne wayar intanet a gefen titi, lokacin da wasu jihohin ke tsawwalawa. Gwamnatin da ta yi wannan ita ce ta kashe turaku bayan shekara ɗaya, kuma na farkon ya fi na biyun amfani nesa.

In ta kama dole fa?

Ba na cewa babu ranar da za ta zo a buƙaci kashe turke ɗaya ko biyu na 'yan awoyi saboda wani samame. Tsarin mulki da ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, shi ya yarda a sashe na 45 a taƙaita shi saboda tsaro, amma ta hanyar doka, kuma gwargwadon abin da hankali zai ɗauka. To a rubuta dokar. Kafin a taɓa makunni a je gaban alƙalin babbar kotu, ko da a sirrance ne, a faɗi wurin da awoyin. In wa'adi ya cika layi ya dawo da kansa, mai son ƙari ya sake komawa kotu. A bar lambar gaggawa ta 112 tana shiga. A mayar wa mutane datar da ta ƙone a banza. Bayan an gama, a kai rahoto majalisa a karanta a fili. Ɗan sanda ma doka ta ce ya nemi takardar kotu kafin ya bincike gidan mutum ɗaya, ban ga dalilin da za a rufe ƙaramar hukuma guda da wasiƙa ba.

Dokar da NCC ke aiki da ita ta 2003 ce. An rubuta ta babu Facebook, babu YouTube, babu WhatsApp, babu mai POS a bakin kasuwa, JAMB kuma da fensir ake rubuta ta. Gyaranta aikin Majalisar Tarayya ne, inda Kaduna ke da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 16. Za su dawo neman ƙuri'a, da su da masu son kujerunsu. In sun zo unguwa, bayan an gama maganar taki da tiransifoma, a samu mai tashi ya ce, "Ranka ya daɗe, in an kawo ƙudirin da zai hana katse mana layi sai da izinin kotu, ya kuma hana kamfani fifita wani shafi a kan wani, za ka ɗaga hannu ko ba za ka ɗaga ba?" A ɗauki amsar a waya, a ajiye.